Zauren Tambaya: Yaranmu na da hannu, wurin zama ne babu

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo mani ta WhatsApp kamar an haɗa baki, kusan duk maganar yara ce masu son zane da ƙere-ƙere da ɗinki, da inda za a kai su. Na ɗauki huɗu, na ɗan datse wasu, don akwai wadda ta turo mani saƙon murya na minti tara, Allah ya yi albarka. Masu tambayar aure da rabon gado ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam ina wuni, ya iyali, ya zaman ritaya. Ni malama ce a wata firamare nan cikin birnin Katsina, an ɗora mani darasin CCA wato al'adu da fasaha, aji huɗu zuwa shida. Wallahi Malam kunya nike ji, in rubuta ma'anar rini a allo su kwafa, in jero kayan aikin sassaƙa su kwafa, ranar jarabawa su maido mani abina shi kenan mun gama. Ba ɗaki ba kala ba takarda, ajin ma cike yake har bakin taga. Mi zan yi? Ko jira za mu yi sai gwamnati ta gina muna ɗakin zane?
Daga wata malama, wajen Ƙofar Ƙaura

AMSA: Lafiya lau Malama, ritaya kuma mun gode Allah, fansho dai sai addu'a. In kika ce jiran ɗakin zane za ki yi to yaran da ke gabanki yanzu sai dai 'ya'yansu su shiga, don haka mu ajiye wannan gefe tukuna.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru da ni lokacin ina koyarwa a wani gari da ba sai na faɗi sunanshi ba. Akwai wani yaro a ajina, kullum yana can layin baya, in ka tambaye shi sai ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallin riga, ni dai na riga na sa shi a sahun waɗanda sai dai a yi ta haƙuri da su. Rannan na gaji da alli, na ce kowa ya tashi mu tafi marina, tafiyar ba ta fi ta minti goma ba. Ashe uban yaron nan marini ne, ni ban sani ba sai da na ga farcen uban da na ɗan iri ɗaya, shuɗi har cikin ƙumba. Muna isa bakin rami yaron nan ya karɓe ajin daga hannuna. Shi ya nuna masu baba, ya nuna toka da katsi, ya ɗauki muciya ya ce haka ake motsawa, ya nuna kumfar da ta taru a sama ya ce in ka ga ta yi wannan ƙyallin to ruwa ya nuna. Sai uban ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, ƙyallen ya fito kore-kore, yara suka fara dariya wai rini bai kama ba, kan su rufe baki yana shan iska ya fara juyewa yana zama shuɗi a gaban idonsu. Tsit kake ji. Wata yarinya ta ce Malam tsafi ne? Nan na samu ƙofar yi masu bayanin cewa iskar da muke shaƙa ce ke haɗuwa da baban ta canza mashi launi, darasin da in a allo ne sai in yi sati ina fama. Yaron nan kuwa daga ranar ya dawo layin gaba, ba wanda ya ce mashi ya dawo.

To kin ga wuri ya yi rabin aikin, mai sana'a ya yi sauran, ni rakiya kawai na yi.

Abin da na fahimta a shekarun da na yi ina wannan aiki, wurin da ke buɗe kan yaro ba sai mai tayil da fanka ba. Abu na farko dai aikin da yaro bai gama ba ya samu inda zai kwana, ya dawo gobe ya tarar da shi yadda ya bar shi, ba wai an share an zuba a bola ba. Sai kayan aiki su kasance inda hannunshi zai kai ba sai ya roƙa ba, sannan a yarda wurin ya yi datti, don ba a aikin yumɓu da farar riga. In kika samu bango ɗaya da za a riƙa liƙa aikinsu da sunan kowa a ƙasa to kin gama da su, yaro in ya ga sunanshi a bango har uwarshi sai ya janyo ta zo ta gani. Kusan kowace makarantar gwamnati da na sani tana da wani aji da iska ta yaye kwanonshi aka bar shi awaki na kwana, ko wani sito da aka cika da karyayyun bencina, in duk babu akwai gindin darbejiya da akwatin ƙarfe mai kwaɗo.

Kada ki ɗauka talauci ne ya sa nike faɗin haka. A ƙasar Italiya akwai wani gari Rajiyo Emiliya da duniya ke zuwa kallon makarantun yaransu ƙanana, asalin abin kuwa a 1945 ne bayan yaƙin duniya na biyu, iyaye a wani ƙauye kusa da garin suka sayar da tankar yaƙi da motoci da dawakan da sojoji suka gudu suka bari, suka tsinci bulo daga rusassun gidaje suka gina wa 'ya'yansu makaranta da hannunsu. Su ne ke cewa wurin da yaro ke zaune shi ma malami ne, malami na uku. Kuma tun 1996 suna da wata cibiya da ke tattaro ragowar kayan da masana'antu za su zubar a kai wa makarantu yara su yi aiki da su. Mu nan ai ba ma buƙatar cibiya, ki bi layin teloli gab da sallah ki ga buhunan ƙyallaye da ake rasa yadda za a yi da su, ga guntayen katako wurin kafintoci, ga kwalaye wurin masu shago, ga takardar buhun siminti wurin magina in an samu buhu na takarda, wadda in kika kakkaɓe ta kika goge ta fi takardar zane ƙwari. Kala kuwa ga zoɓo ga lalle ga gangamau ga gawayi a daka a haɗa da ƙaro, yadda almajirai ke haɗa tawada tun kaka da kakanni. Yumɓu a kududdufi kyauta.

Amma kada ki je da kanki ke kaɗai kina roƙo, za a ce malama ta fara bara. Ki fara da hedimasta, ku kai maganar gaban kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, aikinsu ke nan ai, ba zaman shan lemo ba, cikinsu akwai mai unguwa ko wakilinshi akwai iyaye mata akwai masu sana'a, su za su yi maki magana da tela da marini da baduku a mutunce. Yawan yara kuma ki raba su, kashi ɗaya na waje suna aiki sauran na ciki suna rubuta abin da suka yi wancan satin, a riƙa juyawa.

Sannan don Allah ko sau ɗaya a zango ki fita da su. Abin takaici yaro an haife shi a Katsina ya gama firamare bai taɓa shiga tsohuwar Kwalejin Katsina ba, wadda aka buɗe a 1922, yanzu ita ce gidan tarihi. Ginin ƙasa ne, da tubali aka yi shi, nan Sardauna da Tafawa Balewa suka yi karatu kafin a ɗauke makarantar zuwa Kaduna a 1938 daga baya Zariya ta zama Barewa. Ki sa su dafa bangon da tafin hannu da tsakar rana su ji sanyinshi, su ɗaga kai su kalli rufin, ki tambaye su mi ya riƙe shi tunda ba rodi ba siminti. Ko ki zaunar da su nesa kaɗan da Hasumiyar Gobarau kowa da takardar simintinshi da gawayi, yara arba'in za su zana maki Gobarau arba'in, ba biyu da za su zo ɗaya. Wannan makin jarabawa ne mai kyau, ya fi "kawo kayan aikin sassaƙa guda biyar".

TAMBAYA: Malam barka da war haka. Yarona shekara 13 yana aji biyu na ƙaramar sakandare, ba abin da ya bari a gidan nan, tocila rediyo tsohuwar DVD duk ya kwance, ya ciro wani ɗan inji ya haɗa fanka da murfin roba, motocin kwali da tayar silifas kuwa sun cika ƙarƙashin gado. Uwarshi ta ce ɓarna ce, ƙanena ya ce in cire shi daga boko in kai shi gareji kowa ya huta. Ni kuma likita nike so ya zama. Ina mafita?
Daga wani uba, Daura

AMSA: Alhaji, ku ukun nan duk kuna son yaron amma ba wanda ya tambaye shi. Ni dai shawarata kada a cire shi daga makaranta kuma kada a ƙwace mashi sukurdireba. Ka ba shi lungu guda a gidan, ko a soro ne, da teburi ko da na bulo biyu da katako, da akwatinshi, ka ce nan ne wurinka, abin da ya lalace aka ba ka naka ne, abin da ke aiki in ka taɓa ni da kai ne. Hajiya za ta samu lafiyar rediyonta. Sharaɗi ɗaya da ba wasa a ciki, batir kawai, ba ruwanshi da soket da wutar NEPA sai a gaban wanda ya iya.

Sai ka nemi mai gyaran rediyo ko waya ko mai haɗa sola wanda ka yarda da tarbiyyarshi, ba wanda ya fi kowa kasuwa ba, wanda ka san da wa yake zama kuma ka san ba a shaye-shaye a rumfarshi. Ka je da ƙafarka da ɗan goronka yadda iyayenmu ke kai yaro wurin maƙeri ko magini, ka damƙa mashi amana, Asabar da Lahadi bayan an taso Islamiyya da kuma lokacin hutu. Ka faɗa mashi baki da baki cewa koyo ka kawo shi, don in ba ka faɗa ba wata shida zai yi yana sayo wa oga shinkafa da wake da katin waya bai taɓa riƙe abin narka dalma ba. Duk ƙarshen wata ka leƙa ka ce ya nuna maka abin da ya iya.

Shi kuma yaron ka gaya mashi gaskiya, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya nan cikin Daura, ga jami'ar sufuri, ba nisa ba kuɗin mota, amma ba a shiga da motar kwali, sai da kiredit a lissafi da Turanci da darussan kimiyya. Yaro irin wannan in ya gane cewa lissafin da yake gudu shi ne zai faɗa mashi dalilin da fankarshi ke cinye batir cikin minti biyar, da kanshi zai buɗe littafi. Maganar likita kuwa Alhaji, asibitin ma in injin ɗaukar hoto ya tsaya likitan tsayawa yake yi ya jira irin ɗanka.

TAMBAYA: Baba Malam muna gaisuwa. Mu ƙungiyar matasa ce a unguwarmu, mu kusan 30, muna son buɗe cibiya da yara za su riƙa zuwa koyon zane da kwamfuta da wasan kwaikwayo da ɗaukar bidiyo maimakon zaman majalisa da yawon banza. Mun rubuta takarda mun kai wa 'yan siyasa har uku, kowa ya ce a dawo bayan zaɓe. Wasu sun fara karaya. Ya za mu yi mu samu mai ɗaukar nauyi?
Daga sakataren ƙungiya, Katsina

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maku albarka da wannan niyya, amma kun fara daga wutsiya. Kuna neman mai ɗaukar nauyi alhali ba ku da nauyin da za a ɗauka tukuna, takarda ce kawai, kuma takarda irin taku akwai ta cike da durowa a gidan kowane ɗan siyasa.

Ku tsallaka nan Nijar ku ga wani abu. Akwai wani gari na Hausawa Dandaji a jihar Tawa, tsohon masallacinsu na ƙasa ya fara lalacewa ana shirin rushe shi a yi sabo, sai aka yi shawara aka gyara shi aka maida shi laburare da wurin karatu, aka gina sabon masallaci a gefenshi, aka gama a 2018. Mai tsara ginin 'yar Nijar ce, Mariam Kamara, tare da abokiyar aikinta, kuma maginan gargajiya aka sa a aikin da ƙasar wurin. Yanzu yaro ya fito salla ya faɗa laburare. Haka a Burkina Faso, Francis Kéré ya gina wa ƙauyensu Gando firamare a 2001 da bulon ƙasa, mutanen gari maza da mata suka yi aikin gayya, ya ɗaga kwanon sama ya bar rata iska na wucewa don kada aji ya zama tanda, wannan mutumin a 2022 shi aka ba babbar kyautar masu tsara gine-gine ta duniya, Pritzker, ɗan Afirka na farko da ya samu. Duk su biyun da abin da ke ƙasa suka fara da mutanen da ke wurin.

Ku ma ku duba unguwarku da idon basira. Zaure nawa ne a rufe tun da mai gidan ya rasu 'ya'ya suka koma Abuja? Makarantar firamaren unguwa daga ƙarfe biyu har safiya wa ke cikinta ban da maigadi? Ku je wurin mai unguwa da liman, ku roƙi aron wuri na wata uku kacal, ku share ku yi shafe ku shimfiɗa tabarmi, ku ɗauki yara 15 kada ku wuce haka. Masu koyarwa kuma suna nan zube, ɗaliban kwalejin ilimi ta tarayya da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman da na jami'ar Umaru Musa da yawansu cikin unguwanninku suke kwana, ga 'yan bautar ƙasa da dama an ware masu rana guda a sati don aikin al'umma suna neman abin yi, ga waɗanda suka gama ƙauyen koyon sana'a na matasa da aka buɗe zamanin Gwamna Shema. Bidiyo kuwa da wayar hannunku za ku fara, wasan kwaikwayo kuma wanda ya taɓa yin tashe da azumi ai ba baƙonshi ba ne.

Kuma kada ku manta da tsofaffi, nan ne matasa ke yawan yin kuskure. Dattijon da ya iya dukanci ko zanen dagi a bango ko zayyanar allo, in kun kira shi kada ku maida shi abin ɗaukar hoto. Yinin da ya zo wurinku yinin kasuwarshi ne ya bari, ku haɗa mashi wani abu ko daga kuɗin taron ƙungiya ne, ku kira shi malam a gaban yara, kuma in an sayar da abin da aka yi da koyarwarshi a san rabonshi tun kafin a fara.

Sai babbar magana, makulli. Wannan ni ya taɓa ƙona ni. Wata makaranta da na yi aiki, wasu bayin Allah suka kawo gudummawar kaya, kaloli da burushi da takardu manya-manya har da keken ɗinki biyu, aka yi taro aka yi tafi aka ɗauki hoto, ana watsewa aka zuba su a ɗaki aka datse wai kada yara su lalata kafin manyan baƙi su zo dubawa. Makullin yana aljihun mutum ɗaya, yau ya tafi biki gobe ya tafi karɓar albashi. Na yi ta bi har na gaji na bari. Ranar da aka buɗe ɗakin, bayan damina biyu, gara ta gama da takardun ta hau kan katakon keken, kalolin sun bushe sun zama dutse, na ɗauki burushi ɗaya gashin ya zube a hannuna. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, da yara ne suka lalata su ai da an ci riba. Saboda haka ku rubuta a takarda tun ranar farko, wa ke riƙe makulli, su biyu ne ko uku, ƙarfe nawa ake buɗewa, in mai makulli ba ya nan wa zai buɗe, mai wurin ya sa hannu mai unguwa ya shaida.

In kuka yi wata ukun nan sai ku yi ɗan baje koli a ƙofar wurin, ku gayyaci iyaye da 'yan kasuwar unguwa. Mai shagon da ya ga ɗanshi ya ɗinka jaka shi zai fara cewa mi kuke buƙata. 'Yan siyasar ma za su zo da kansu, in sun kawo ku karɓa ku gode, amma kada ku bari a manna hoton kowa a bangon, don ranar da ya faɗi zaɓe rabin iyayen unguwa za su janye 'ya'yansu, in ya ci ma ɗaya rabin za su janye.

TAMBAYA: Malam sannu da aiki. Ni tsohuwa ce, maigidana ya rasu, 'ya'ya duk sun yi aure, tsakar gida ga ta nan fili guda daga ni sai awakina biyu. Na iya saƙar faifai da tabarmar kaba da ɗinkin hula da kitso, ina ganin 'yan matan unguwa ba inda ake barinsu su je, ina son su riƙa zuwa in koya masu amma ina tsoron surutun mutane. Jikata ce ta rubuta mani wannan.
Daga Hajiya, Daura

AMSA: Hajiya ina gaisuwa, Allah ya jiƙan Alhaji ya ƙara maki lafiya. Duk cikin masu tambayar yau ke ce kika fi kowa kayan aiki, ga wuri ga malama ga makulli a hannunki, kuma gidanki ne irin wurin da uba zai bar ɗiyarshi ta je hankalinshi kwance. Maganin surutu shi ne kada a ji a bakin wani, ki aika wa matar mai unguwa da matar liman su fara sani, ki bi iyayen yaran gida-gida ko ki aika jikarki, ki fara da biyar ko shida waɗanda iyayensu mata suka ce to. Ki sa ranar Alhamis da Juma'a da la'asar tunda ba makarantar allo, a tashi kafin magariba kowa ta koma gida da haske, samari kuma iyakarsu waje. In sun fara iyawa ki bar su su sa nasu launi da nasu zane ko da bai yi maki kyau ba, jikar nan taki mai waya ta riƙa ɗaukar hoto tana sawa a sitatus, masu haɗa kayan ɗakin amare na neman faifai mai kyau. Awakin nan biyu kuma Hajiya a ɗaure su a turke kafin a jiƙa kaba, in ba haka ba su za su fara cinye darasin.